Shaffaɗ (fankar zuƙe iska) yana ta ƙara, wari kuma bai fita ba: ina matsalar take?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni mazauniyar Jidda ce, muna haya a hawa na biyu. Banɗakinmu yana manne da ɗakin kwana, ba shi da taga sai wata 'yar kafa da ke kallon manwar, wato ramin shan iska da ke tsakiyar gini. Shaffaɗ ɗin da ke cikin silin ɗinsa in an kunna sai ka ce injin niƙa, ba a iya barci. In kuma an kashe, laima ta kwanta a bango, har funfuna ta fara fitowa a kusurwa. Na kicin ma haka yake. Maigida ya canza shi da wani mai ƙarfi, ƙara ta ƙaru, amma in na soya ƙosai har falo sai an ji. Shin dole ne mutum ya zaɓi ɗaya, ko iska ko shiru?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Ba dole ba ne. In na fahimce ki, kina da fankar zuƙe iska guda biyu, dukansu suna da ƙara, kuma babu wadda take yin aikin da aka saye ta dominsa. A mafi yawan gidajen da ake kawo irin wannan kuka, ƙarar da rashin fitar warin cuta ɗaya ce: an shaƙe wa iskar hanya. Fankar da take ja ba ta samu, ko take turawa hanya ta ƙi, ita ce mai ihu. Shi ya sa sayen mai ƙarfi bai yi magani ba, an dai ƙara wa makogwaron da yake a shaƙe aiki ne.

Iska tana bukatar mashiga, hanya da mafita

Shaffaɗ ba ya ƙirƙirar iska. Duk litar da ya fitar daga banɗaki, dole wata lita ta shigo ta maye gurbinta. Gidajenmu na nan kuwa an gina su ne don su riƙe sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki: tagogin alminiyom masu roba a baki, ƙofofi da ke zama daram a kan dokin ƙofa na marmara, ga kuma soson da ake sa wa ƙasan ƙofa don ƙura da kyankyasai. Mukayyif ɗin da ake maƙalawa a bango shi ma ba ya kawo iskar waje ko kaɗan, ta cikin ɗakin yake ta juyawa yana sanyayawa. To ta ina sabuwar iska za ta shigo?

Ki gwada wannan yau, ba ya cin ko riyal ɗaya. Ki rufe ƙofar banɗaki, ki kunna shaffaɗ, ki saurara. Sai ki buɗe ƙofar kamar faɗin tafin hannu. In sautin ya sauya, ya yi taushi, ko kika ji ƙofar tana fizgowa da kanta lokacin rufewa, ko kika ji fito a ƙarƙashinta, to yunwar iska fankar take yi. Bayan haka ki ɗora tishu falle ɗaya a kan ragar shaffaɗ ɗin. In ya manne da ƙofa a buɗe, ya faɗo da ƙofa a rufe, matsalar mashiga ce. In ya ƙi mannewa ko ƙofa na buɗe, matsalar tana sama, a bututu ko a mafita.

Maganin mashiga a banɗaki mai sauƙi ne. A bar tazarar santimita 1.5 zuwa 2 tsakanin ƙasan ƙofa da dokinta. Ga dalilin: ƙofa mai faɗin santimita 80 da tazarar santimita 1 kawai, in ana son lita 25 ta wuce a daƙiƙa, iskar za ta riƙa gudun sama da mita 3 a daƙiƙa. In an mai da tazarar santimita 2, gudun ya ragu da rabi, fiton ya tafi. In ƙofar alminiyom ce da ba a son yankewa, a sa mata raga mai karkatattun layuka a ɓangaren ƙasa, irin wadda iska ke wucewa amma ido ba ya ratsawa.

Akwai wani abu da ya kamata ki lura da shi. In fanka ta rasa mashiga, takan jawo iska daga inda ba a so, wato magudanar ƙasan banɗaki. A ƙarƙashin magudanar akwai lanƙwasa da ke riƙe ruwa don tare warin masai. In ruwan ya bushe, shaffaɗ zai riƙa zuƙo warin zuwa cikin gida, mutum ya ce ai tun da na kunna fanka wari ya ƙaru. Zuba ruwa kofi biyu a kowace magudana da ba a cika amfani da ita ba, sau ɗaya a mako, yana kashe wannan.

Nawa ne ma iskar da ake bukata?

Mutane suna sayen fanka da ido, wadda ta fi girma ko ta fi yawan lamba a kwali. Ƙa'idar samar da iska a gidaje ta Amurka, ASHRAE 62.2, ta sa wa banɗaki lita 25 a daƙiƙa in kunnawa ake yi ana kashewa, wato mita kubik 90 a awa, ko lita 10 kacal in fankar tana aiki dare da rana. Ga kicin mai rumfar zuƙe hayaƙi da ke fitarwa waje, mafi ƙanƙanta lita 50 a daƙiƙa, wato mita kubik 180 a awa. Ta Ingila ma ta fi sassauci, lita 15 ga banɗaki. Girkinmu na suya da manja da tattasai ya fi ƙarfin mafi ƙanƙantar ƙa'ida, don haka ni nakan ba da shawarar mita kubik 300 zuwa 400 a awa ga kicin irin na gidan haya. Abin da ya wuce haka, a ƙaramin gida, ƙara ce da asarar sanyi.

A kwali za ki ga an rubuta m³/h, wato mita kubik a awa, ko CFM, wato ƙafa kubik a minti. Kowane CFM ɗaya kusan mita kubik 1.7 ne a awa. Sai dai babbar lambar da aka buga a gaban kwalin, an auna ta ne fankar tana tsirara, babu bututu ko taƙi ɗaya a jikinta. Da zarar an ɗaura mata bututu mai gwiwoyi, tana iya rasa rabinta ko fiye.

Ana iya auna abin da take zuƙa a zahiri da ledar shara. A sami leda wadda aka san yawan litarta, a ɗaure bakinta a jikin waya mai kauri da aka lanƙwasa daidai girman ragar, a kaɗa ta ta cika da iska, a kifa bakin a kan ragar, a ƙirga daƙiƙun da za ta ɗauka kafin ta lanƙwashe. Leda mai lita 100 da ta ƙare a daƙiƙa 4, lita 25 ke nan a daƙiƙa. In ta kai daƙiƙa 15, kin san ƙara kawai kike biya wa kuɗin wuta. Awon ba na ƙwararru ba ne, amma ya isa a gane bambanci kafin gyara da bayansa.

Bututu, inda yawancin laifin yake ɓuya

A nan nake son a tsaya, domin abin da ke saman jibis, wato allon silin, ba wanda yake gani, kuma nan ne masu aiki suka fi yin ha'inci. Abin da aka saba tararwa in an buɗe silin shi ne bututun nan mai laushi kamar bazara, na foil, inci 4, an sayo mita uku an cusa shi a wurin da mita ɗaya ta isa, ya nannaɗe kamar maciji, wani wurin ma ya lotse a ƙarƙashin bututun ruwa. Kowace ƙwarya a jikinsa tana karya iska. Wani lokaci ma bututun bai kai ko'ina ba, an bar shi yana amayar da tururi cikin silin, daga nan funfuna take samun gindin zama.

Ga lissafin da zai nuna miki dalilin da ya sa na kicin ya ƙara ihu. Mita kubik 400 a awa in aka tura ta bututu mai inci 4, wato santimita 10, iskar tana gudun kusan mita 14 a daƙiƙa. A inci 6 gudun ya sauko zuwa mita 6 da ɗoriya. A inci 8, mita 3.5. Gudun da kunne yake jurewa a gida kuwa, kusa da ɗakin kwana kada ya wuce mita 3, a kicin ana iya haƙura da 5 zuwa 6. Turjiyar da bututu yake yi wa iska kuma tana raguwa da sauri ƙwarai in an faɗaɗa shi: daga inci 4 zuwa inci 6, ga iska daidai wa daida, turjiyar tana raguwa kusan sau bakwai. Ina kyautata zaton sabuwar fankar da maigida ya sayo bakinta inci 6 ne, mai aikin ya sa mata mazurari ya haɗa ta da tsohon rami mai inci 4. In haka ne, ba fankar ce ta gaza ba.

Abin da za a yi: a cire mai laushin, a sa miƙaƙƙen bututu mai santsin ciki, girmansa daidai da bakin fankar ko ya fi, kada ya gaza. Na banɗaki PVC ya wadatar. Na kicin ya zama na ƙarfe, saboda maiƙo yana taruwa a ciki kuma yana kama wuta. A rage gwiwoyi iya iyawa, gwiwa biyu masu digiri 45 sun fi ɗaya mai digiri 90 sauƙi ga iska. Kada a ɗaura gwiwa kai tsaye a bakin fanka, a bar miƙaƙƙen wuri tsawon aƙalla ninki biyu zuwa uku na faɗin bututun, domin iskar da ta fito tana juyi in ta daki kwana nan take sai ta yi gurnani. A like mahaɗai da tef ɗin alminiyom, a ɗan karkata bututun ya gangara waje don ruwan da ya taru kada ya dawo ya ɗiga a kan injin.

Sai mafita. Murfin waje mai ƙananan layuka, ko ragar sauro da aka liƙa a baki, ƙura da maiƙo suna toshe su cikin 'yan watanni, musamman bayan guguwar ƙura. Tantabaru ma suna son yin sheƙa a nan. Akwai kuma ɗan marfin da ke hana iska dawowa: in ya maƙale a rufe, fanka tana ta juyi a banza, in kuma ya saki, shi ne ke yin ƙwas-ƙwas da dare in iska ta taso. Ɗan siririn soso mai gam a inda yake bugawa yana kashe wannan sautin.

Manwar shi kansa yana da nasa hali. Rami ne mai bango huɗu na siminti, sauti yana amsa kuwwa a ciki, iska kuma ba ta cika motsi ba. In ke kina fitarwa cikinsa, maƙwabtan sama da ƙasa suna fitarwa, to kada ki buɗe tagar da ke kallonsa da sunan shigo da iska, abin da kika fitar ne zai dawo miki har da na maƙwabta.

Kowace ƙara da mahaifinta

Kunne yana iya rarrabe su. Shuuu kamar ruwan sama, gudun iska ne ya yi yawa a ƙaramar hanya. Gurnani mai kauri da ake ji a bango ko a gado, jijjiga ce take bin gini. Ƙiii ko karce-karce, boris ne ya ci, ko fiffike yana taɓa jiki. Zuuu irin na taransifoma, daga wutar lantarki ne.

Naki na banɗaki, tunda kin ce yana hana barci a ɗakin da ke maƙwabtaka, ina zargin jijjiga. Fankar da aka ɗaure kai tsaye a jikin jibis ta mai da silin ɗin gaba ɗaya fatar ganga. Ki sa a danna jibis ɗin da tafin hannu kusa da ragar yayin da take aiki, in gurnanin ya ragu, an kama ɓarawon. Sai a rataye fankar daga dakalin siminti na sama da ƙarafa masu roba a tsakani, a sa siririyar roba tsakanin bakinta da jibis, a haɗa ta da miƙaƙƙen bututun ta ɗan guntun mai laushi wanda bai wuce santimita 15 zuwa 20 ba, a miƙe sosai. Nan ne kaɗai mai laushin yake da amfani. Kafin duk wannan ma, a kashe wuta daga akwatin makunnai a wanke fukafukan. Ƙurar da ta daskare a gefe ɗaya tana sa fanka rawa kamar tayar da ba a daidaita ba.

Wani abu da ya keɓanta da ƙasar nan: wutar Saudiyya tana tafiya a kan 60Hz, wato tana kai-komo sau 60 a daƙiƙa, alhali ta Najeriya da Nijar da Sudan da Masar da Dubai 50Hz ce. Fankar da aka ƙera don 50Hz kaɗai, in aka jona ta a nan, injinta yana ƙoƙarin gudu da ƙarin kusan kashi 20 cikin 100. Wannan kaɗai yana iya ƙara desibel 4 a ma'aunin ƙarfin sauti, injin kuma ya riƙa zafi ya mutu da wuri. Kayan haraj, wato kasuwar gwanjo, da waɗanda ake saya ta intanet daga waje sun fi zuwa da wannan. A duba 'yar takardar da ke jikin injin, in babu 60Hz a rubuce, a ajiye ta.

In za a sayi sabuwa

Dokar fanka ita ce: iskar da take bayarwa tana tafiya daidai da gudunta, amma ƙararta tana hawa da sauri fiye da haka nesa. In aka rage gudu da kashi 20 cikin 100, an rasa kashi 20 na iska, ƙara kuma ta sauka da kusan desibel 5. In aka rage da rabi, ta sauka da kusan desibel 15. Kunnen mutum yana jin raguwar desibel 10 a matsayin rabin ƙara. Saboda haka babbar fanka mai juyawa a hankali ta fi ƙarama mai gudu kamar za ta tashi sama, ko da iskar da suke bayarwa ɗaya ce. Inci 6 a kan ƙaramin gudu ya fi inci 4 a kan cikakken gudu shiru.

Iri ma yana da muhimmanci. Mai fukafukai kamar fankar tebur ta dace da ramin da ya ratsa bango kai tsaye, ko bututun da bai wuce mita ɗaya da rabi ba. Ba ta da ƙarfin turi, da ta haɗu da doguwar hanya sai ta yi ta sarar iska a wuri ɗaya. In bututu ya yi tsawo ko yana da gwiwoyi, sai mai ganga irin ta katantanwa, ko wadda ake sawa a tsakiyar bututu. Ita wannan ta ƙarshen ita na fi so ga banɗakin da ke manne da ɗakin kwana, domin ana iya matsar da injin can kusa da bangon manwar, a bar raga kawai a saman wurin wanka. In an ƙara mata tukunyar shanye sauti, wato guntun bututu mai tsawon santimita 60 zuwa 90 da aka yi wa shimfiɗar audugar gilashi a ciki, tsakaninta da ragar, da ƙyar za a ji ta. A kicin ba a sa wannan tukunyar, maiƙo zai jiƙe audugar. Kuma lallai a bar ƙofar dubawa a jibis ɗin a ƙarƙashin injin, in ba haka ba ranar gyara sai an fasa silin.

Game da lambar ƙara a kwali, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sautin cikin ɗakin kwana da dare ya wuce desibel 30. Ki nemi fankar banɗaki da ba ta wuce 30 ba a mita 3. Ki duba nisan da aka yi awon, domin fanka ɗaya in an auna ta a mita 1 da kuma mita 3, bambancin yakan kai kusan desibel 10, kuma kamfanoni sun san wace lamba ce ta fi kyau a ido. Wasu kwalayen da wani ma'auni mai suna sone suke rubutawa, a nan 1 ko ƙasa da haka shi ne shiru, 3 ana ji sosai.

Kada a sa wa fanka makunnin rage hasken ƙwai don rage mata gudu. Yana yanka wutar ne gutsi-gutsi, injin ya kama zuuu, wani lokaci ya ƙone. A sayi fanka mai matakan gudu a jikinta, ko mai injin EC, wato injin da ake iya sarrafa gudunsa ta lantarki, ko regiletar da kamfaninta ya amince da ita.

Laimar Jidda

Shawarar da ake bayarwa a ƙasashen sanyi ita ce a bar ƙaramar fanka tana aiki kullum. A Riyad ko Madina, inda iska take a bushe, ba laifi sosai. A Jidda, bakin Bahar Maliya, ina taka-tsantsan da ita. Duk iskar da kika fitar mai sanyi ce busasshiya da kika biya kuɗinta, wadda za ta maye gurbinta kuma mai zafi ce mai ɗauke da ruwa. Gida mai faɗin murabba'in mita 100 da tsayin mita 3 yana ɗauke da mita kubik 300 na iska. Fankar kicin mai 400 a awa tana kwashe ta kaf cikin minti 45. In iska mai laima ta shigo ta haɗu da bangon da mukayyif ya sanyaya, sai raɓa ta sauka, funfunar da kike gudu ta koma bayan kabad.

Don haka ga banɗaki, a sa makunni mai agogo wanda zai bar fankar ta ci gaba minti 15 zuwa 20 bayan an gama wanka, sannan ta mutu da kanta. Masu na'urar jin laima suna da kyau a wasu wurare, amma a garinku in an saita su ƙasa da yawa ba za su taɓa hutawa ba. Iskar da banɗakin zai sha ta fito daga cikin gida ta ƙarƙashin ƙofa, domin ita ce busasshiya, kuma ita ce za ta shanye bangon.

Ga kicin kuma akasin haka. Tazarar ƙasan ƙofa ba za ta ishi mita kubik 400 ba. Lokacin suya ki rufe ƙofar kicin, ki buɗe tagar da ke kallon titi ko fili kamar yatsu uku zuwa huɗu, wadda ba ta hura kan murhu kai tsaye. Ta haka fankar za ta sha daga waje, sanyin falo ya zauna, warin ma ba shi da hanyar zuwa can. In tagar kicin ɗin manwar take kallo, ki bar ƙofar kicin a ɗan buɗe, ki buɗe wata taga kaɗan a can ɓangaren gidan, iska ta taho daga falo zuwa kicin. Ki kunna fankar minti biyu kafin ki zuba ƙullu a mai, ki fi amfani da kawunan murhu na baya, rumfar kuma ta kasance santimita 65 zuwa 75 a saman murhun gas. Matsakaicin gudu da aka kunna da wuri ya fi cikakken gudu bayan hayaƙi ya riga ya cika ɗaki. Ragar maiƙo a jiƙa ta a ruwan zafi da sabulun kwanoni kowane wata, mai yawan suya kowane mako biyu. Ki kuma tabbatar rumfar tana da bututun da ya fita waje, domin akwai irin da ke tace iska da gawayi ta mayar da ita kicin, wadda ba ta fitar da tururi ko hayaƙin gas.

Daga nesa ba zan iya sanin tsawon bututunku ko inda ya ɓulle ba, sai an leƙa saman silin. Faɗaɗa rami a bango kuma sai da iznin mai ginin, kuma ba kowane bango ake fasawa ba. In ya ƙi, a bar ramin yadda yake, a miƙar da bututun, a tafiyar da fankar kicin a ƙaramin gudu, don inci 4 ba zai ɗauki fiye da mita kubik 150 zuwa 180 a awa cikin natsuwa ba. In kuma bututunku yana shiga wani babba ne da duk hawan ginin ke tarayya a kai, kada a ɗora masa fanka mai ƙarfi sai an yi magana da harisi, wato mai gadin gini, domin warinki zai faɗa banɗakin maƙwabta.

Duk yadda ƙarar ta dame ki kafin a yi gyaran, kada ki yi girki da gas ko ki kunna gawayin turaren wuta a rufaffen wuri da fanka a kashe da taga a rufe. Iskar da ke fita daga wutar da ba ta samu isasshiyar iska ba, ba ta da wari ba ta da launi, alamarta ta farko ciwon kai ne da jiri. In harshen wutar murhu ya koma ruwan ɗorawa maimakon shuɗi, ki kashe, ki buɗe taga, a kira mai gyara ya duba kawunan.